Karatun Gaba da Sakandare Ta Wayar Hannu: Fa'idodi da Illoli a Boɗinga da Shagari

Titin da ya fito daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega yana ratsa Boɗinga, ya wuce ta Shagari. A kansa ɗaliban waɗannan ƙananan hukumomi biyu suke kai da komo zuwa manyan makarantun da ke cikin birni: Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Mai hali yana kama ɗaki kusa da makaranta, marar hali kuma ya kwana gida ya yi sammako. Cikin 'yan shekarun nan karatu ya sami wata hanya ta biyu da yake bi ya iske ɗalibi har ɗakinsa. Malami yana tura takardun lacca a rukunin WhatsApp na aji, yana ƙarin bayani da saƙon murya, wani lokaci ya tara ɗalibai ta Zoom ko Google Meet. Rajistar kwasa-kwasai da biyan kuɗin makaranta da duba sakamako sun koma intanet. Wasu malaman ma suna sa ɗalibai su rubuta aikinsu su ɗora inda abokan karatu za su gani su tofa albarkacin bakinsu.

Ba wani taro aka yi aka zartar da wannan sauyi ba. Ya shigo sannu a hankali, sannan rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda cutar korona ya ingiza shi gaba. Yau ra'ayi ya rabu. Wasu suna ganin waya ta buɗe wa ɗan talaka ƙofar da aka daɗe da rufe masa, wasu kuma suna ganin ta zo ta ƙarasa abin da ya saura na martabar karatu. Kowane ɓangare yana da hujjar da ya gani da idonsa. Abin da ake yawan mantawa wajen wannan muhawara shi ne tambayar wa fa'idar take kaiwa, wa kuma illar take faɗa wa, domin sau da yawa mutane ne daban, ko da a benci ɗaya suke zama.

Fa'idodi

Fa'idar da ta fi saurin bayyana ita ce ta aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na abin da iyaye suke kashewa kan ɗan da ke karatu a birni. A da, ɗalibi daga Kajiji ko Dandin Mahe yakan biya mota har Sakkwato, ya ƙara da na kabu-kabu zuwa ƙofar makaranta, sai ya tarar an manna takarda a jikin allo cewa malam ya yi tafiya. Yanzu wakilin aji yana sanar da hakan tun da dare, kuɗin ya tsira, yinin ma ya tsira don gona ko kasuwa. Haka ma sanarwar sauya ɗakin lacca ko ɗage ranar gwaji. Wannan sauƙi bai ƙara wa kowa sani ba, amma yana cikin abubuwan da suke hana ɗan talaka ajiye karatu a tsakiyar zango. Ɗan Shagari ya fi ɗan Sifawa cin moriyarsa, tun da tafiyarsa ta fi nisa.

Ta biyu, wadda mai yiwuwa ita ce mafi girma, ita ce samun abin karantawa. Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Danfodiyo babba ne, amma kwafi kaɗan na littafi ba ya isar aji mai ɗaruruwan ɗalibai, kuma wanda yake kwana ƙauye ba ya iya zama cikinsa har dare. Littattafan kimiyya da likitanci da ake bugawa a ƙasashen waje kuwa, faɗuwar darajar naira ta sa sun fi ƙarfin yawancin iyaye. Da waya guda ɗalibi yana iya riƙe littattafan zango gaba ɗaya, ya ƙara da maƙalun mujallun ilimi da ake saki kyauta, da darussan da jami'o'i irin su MIT ta Amurka suka fara sakar wa kowa tun farkon shekarun 2000. Mai nazarin Larabci ko tarihi yana iya samun bugun littattafan malaman jihadi, irin su Diya'ut Ta'awili na Abdullahi ɗan Fodiyo da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, ba tare da ya bi gidajen malamai yana neman aro ba. Wannan gata ne da waɗanda suka yi jami'a shekaru talatin da suka wuce ba su ko yi mafarkinsa ba. Sai dai tara littattafai cikin waya kamar tara dami ne a rumbu: sai an sussuka an daka kafin a ci. Akwai kuma batun haƙƙi, domin da yawa daga littattafan da ke yawo tsakanin ɗalibai an kwafe su ne ba da izinin marubutansu ba.

Ta uku ta shafi waɗanda hali ba ya barin su zauna a aji kullum: matar aure mai goyo, malamin firamare da ke son ƙaro karatu ba tare da ya bar aikinsa ba, ma'aikacin ƙaramar hukuma, manomin da damina ta riƙe. Kai karatu inda mai nema yake ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Danfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajisai suke zuwa wurinta su ɗauki darasi cikin waƙa, su koma ƙauyuka su karantar da matan da ba za su iya barin gidajensu ba. A zamanin boko kuma, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da malamai masu yawa ta hanyar darussan da ake raba musu a rubuce. Abin lura ga mutanen Shagari shi ne, ɗansu Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara aiki a matsayin malamin kimiyya a Makarantar Midil ta Sakkwato, shi ne shugaban ƙasar da ya kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya a 1983. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a zamanin mulkin Obasanjo aka farfaɗo da ita, kuma yau tana da cibiyar karatu a Sakkwato. Abin da waya ta ƙara a kan wannan tsohon tunani shi ne sauri da amsa. Matar da ke Danchadi tana iya jin bayanin malam tana kan aikin gida, ta tura tambaya, amsar ta zo kafin magariba. Iyaye da mazajen da suke ɗari-ɗari da barin mace ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai sukan fi sakin jiki da irin wannan tsari, ko da yake har yanzu jarrabawa da aikin koyarwa na gwaji suna buƙatar ta fito.

Akwai kuma damar maimaitawa. A babban ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, na baya ba ya jin rabin abin da ake faɗa, musamman in lasifika ta mutu ko an ɗauke wuta. Abin da ya wuce kuwa ya wuce. Bayanin da aka naɗa ana iya sauraronsa sau uku, a tsayar a duba ƙamus, a koma baya. Wannan yana da muhimmanci ga ɗalibin da ya fito daga sakandaren karkara, wanda Turancinsa bai nuna ba, domin matsalarsa sau da yawa ta harshe ce, kwanyarsa lafiya lau. A cikin rukunin aji wani abokinsa yakan sake warware darasin da Hausa, a nan take abin ya zauna. Haka nan ɗalibi mai kunya, musamman mace da tarbiyya ta koya mata kada ta ɗaga murya cikin maza, takan sami ƙarfin halin rubuta tambayar da ba za ta iya furtawa a gaban aji ba. Malamai da dama sun fara sanin ƙwazon wasu ɗalibansu ta wannan hanya.

Fa'ida ta biyar ba a cika ambatonta ba, alhali tana da zurfi, wato koyon rubutu. A tsarin da aka saba, ɗalibi yana rubuta aikinsa domin mutum ɗaya, malamin da zai ba shi maki, sannan takardar ta ƙare a kwali ko a hannun mai ƙosai. Idan aka ce abin da ya rubuta abokan karatunsa hamsin za su karanta, su nuna inda ya yi kuskure, sai ya fara kula da jimlarsa da hujjarsa, saboda ba mai son a yi masa dariya. Yana kuma ganin yadda wasu suka tunkari tambaya ɗaya ta fuskoki daban. Idan malami ya iya jan ragamar abin, aikin zango yana iya zama taska. Ɗalibin aikin gona zai iya rubuta yadda ake noman rani a gefen dam ɗin Shagari, da cututtukan da suke damun albasa da tumatir a can. Ɗalibin tarihi zai iya naɗar abin da dattawan Sifawa suka gada na labarin zaman Shehu a garinsu. Ɗalibin Hausa zai iya tattara kalmomin Sakkwatanci da suke ɓacewa daga bakin matasa. Irin wannan sani ba ya cikin littattafan waje, kuma in ba 'yan ƙasar suka rubuta shi ba, babu mai rubuta musu. Sharaɗin shi ne malami ya riƙa karantawa yana gyarawa. Inda aka bar ɗalibai su kaɗai, yabon juna yakan danne gyara.

Lokutan da aka rufe makarantu ma waya ta yi rana, amma bai kamata a zuzuta ba. Rufewar korona ta haɗu da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da ya kai Disambar 2020, sannan a 2022 wani yajin ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Malamin da ke yajin aiki ba ya koyarwa ko a aji ko ta waya. Abin da ya samu shi ne, ɗalibai masu himma sun ci gaba da bita a tsakaninsu, wasu suka koyi sana'ar kwamfuta ko zane ta darussan bidiyo. Marasa himma kuwa sun dawo kamar yadda suka tafi, ko ma ƙasa da haka.

Daga ƙarshe akwai sabo da na'ura. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma neman aikin gwamnati da na kamfanoni, da neman tallafin karatu, yawanci ta intanet ake yin su yanzu. Wanda ya gama digiri bai iya tura wasiƙar imel ko cike fom da kansa ba, zai ci gaba da biyan mai shagon intanet ya yi masa, yana miƙa masa sirrinsa.

Illoli

Illa ta farko ita ce fa'idodin nan ba sa rabuwa daidai, kuma sukan fi zuwa ga wanda dama yake da sauƙi. Karatu ta waya yana tsaye kan abu huɗu: waya mai kyau, caji, sabis da data. Ɗan birni mai sola a gida yana da duka huɗun. Ɗan ƙauye sau da yawa yana da ɗaya ko biyu. Wanda ya tsaya a rumfar mai caji ranar kasuwa ya ga yadda abin yake: allon katako cike da soket, ƙaramin janareta yana ruri a baya, wayoyi jere an manna wa kowace lamba da salatif, mai ita ya karɓi ɗan kati mai irin lambar ya tafi. Wayar ɗalibi tana iya yin awa biyu ko uku a nan, kuma cikin waɗannan awanni ne za a iya sanar da cewa akwai gwaji da ƙarfe huɗu. A wasu ƙauyukan sai an fita bakin titi ko an hau tudu kafin saƙo ya shigo. Wasu ɗaliban suna jiran tsakar dare, lokacin da kamfanoni suke sayar da data mai rahusa, su sauke bidiyon lacca, gari ya waye su shiga aji da barci a ido. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Don haka kuɗin motar da aka ce ya tsira, wani ɓangarensa yana komawa ga data da caji, kuma kowane gida ne zai iya lissafa wanne ya fi masa sauƙi.

Bayan tsada akwai rashin tabbas. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. A watan Satumban 2021 kuma, saboda yaƙi da 'yan bindiga, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, bayan an yi haka a Zamfara. Ko mene ne hukuncin mutum kan wannan mataki, ya nuna cewa a wannan yanki sabis abu ne da za a iya wayi gari babu shi. Tsarin karatun da ya dogara kacokan a kansa zai tsaya a ranar, kuma waɗanda zai fara tsayawa a kansu su ne ɗaliban yankunan da rashin tsaro ya riga ya wahalar. Littafin takarda, duk da tsadarsa, ba ya neman caji.

Illa ta uku ta shafi dangantakar malami da ɗalibi, kuma a nan ne masu suka suke da hujja mafi ƙarfi. Akwai malamin da waya ta ƙara masa ƙwazo, yana shiga aji sannan ya bi da ƙarin bayani. Akwai kuma wanda ya sami mafaka, ya tura takardu shafi tamanin a makon farko, ba a sake ganinsa ba sai dab da jarrabawa. Na biyun nan ba waya ce ta haife shi ba, dama akwai shi tun zamanin sayar da takardun lacca, sai dai yanzu yana da abin fakewa. A al'adar karatu ta wannan ƙasa ana ɗaukar ilimi ne daga bakin malami, tare da ladabinsa da yadda yake warware mas'ala in an ƙure shi da tambaya. Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga lokacin da Shehu yake Sifawa kafin Shehun ya koma Sakkwato a 1815, ya rubuta littafi guda, Ida'un Nusukhi, domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowannensu. Jami'a tana bayar da shaida ne kan ilimi da hali, kuma da wuya malami ya shaidi halin wanda bai sani ba sai ta lambar waya. Amma adalci ya sa a faɗa cewa a ajin mutum ɗari biyar, wannan kusanci ya riga ya yi rauni tun kafin waya ta zo.

Sai kwafe-kwafe. Satar aikin wani tsohuwar cuta ce a manyan makarantu, amma a da tana buƙatar wahala: a nemo tsohon kundi, a zauna a kwafa da hannu, kuma mai kwafar yakan tsinci wani abu ko bai so ba. Yanzu da ɗan yatsa ake yi. Tun da aka saki ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, al'amarin ya ɗauki sabon salo, domin manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna rubuta amsa sabuwa fil, mai kyan Turanci, wadda manhajojin kama satar rubutu ba sa iya tabbatar da asalinta. Wani lokaci ma sukan ƙirƙiro sunayen littattafai da marubutan da babu su, ɗalibi ya miƙa bai duba ba. Asarar ta fi faɗa wa wanda ya fi buƙatar horo. Ɗalibin da rubutunsa yake da rauni shi ne ya fi jin ruɗin ya bar na'ura ta yi masa, sai ya fita da maki mai kyau da hannu marar ƙwari. Idan ɗalibin kwalejin ilimi ne, gobe shi za a tura ya koyar da yara a firamaren Horo ko Dingyadi, raunin ya gangara ga wasu. Malaman da suke sa ɗalibi ya tsaya ya kare abin da ya rubuta da bakinsa suna rage wannan, amma hakan yana cin lokacin da babban aji ba ya bayarwa.

Kusa da wannan akwai cakuɗuwar sahihi da gurɓatacce. A laburare wani ya riga ya tace kafin littafi ya hau kanta. A intanet maƙalar farfesa da shaci-faɗin wanda bai san komai ba suna fitowa a jere, da kamanni ɗaya. Ɗalibin shekarar farko ba ya da ma'aunin rarrabe su, kuma wanda ya fi iya tsara magana shi ya fi jan hankali. A fannonin lafiya da addini da tarihi kuskuren da aka ɗauka a haka yana iya wuce takardar jarrabawa ya shiga cikin jama'a, tun da a ƙauye maganar ɗan jami'a tana da nauyi.

Shagala kuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Wayar da take ɗauke da darasi ita ce take ɗauke da TikTok da Facebook da sakamakon ƙwallon Turai da cacar wasanni, kuma an ƙera waɗannan ne domin su riƙe ido. Datar da uba ya sayar da buhun gero ya saya don karatu tana iya ƙarewa kafin a buɗe shafi ɗaya. Karatun dogon littafi a ƙaramin gilashi ma yana gajiyar da ido, ya koya wa mutum tsallake-tsallake. Ɗalibai sun bambanta wajen kame kai, don haka wannan illa tana da sauƙi ga wani, ga wani kuma ita ce ajalin karatunsa.

Wasu fannonin kuma ba sa shiga waya ko an so. Ana iya kallon bidiyon yadda ake ɗaura wa marar lafiya ruwa, ko yadda ake gwada ƙasar gona, ko yadda ake haɗa wayar lantarki, amma hannu ba ya koyo sai ya taɓa. Haɗarin shi ne makaranta ta ga bidiyo ya fi sayen kayan ɗakin gwaje-gwaje arha, ta mayar da abin da ya kamata ya zama share fage ya zama shi ne darasin gaba ɗaya.

Illa mafi nauyi ita ce yadda rukunin aji yake iya rikiɗewa ya zama dandalin fitina. Yawancin waɗannan rukunoni ɗalibai ne suke buɗe su da kansu, ba ƙa'ida a rubuce, kuma suna haɗa mutane masu addini da ƙabila da siyasa daban-daban. Maganar da in a baki aka yi ta wani zai iya tsawatarwa ta mutu a wurin, in aka naɗe ta sai ta zauna, a yi ta turawa, ta isa kunnen dubbai kafin hukumar makaranta ta ji labari. Sakkwato ta ga ƙarshen abin da hakan yake iya jawowa. A ranar 12 ga Mayun 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wani saƙon murya da aka tura a rukunin WhatsApp na ɗalibai, wanda aka ɗauka a matsayin ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), ya kai ga wasu gungun mutane suka kashe ɗalibar da ta tura shi. An rufe kwalejin, Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan, gwamnatin jiha kuma ta sa dokar hana fita a birnin bayan zanga-zangar da ta biyo baya. Ba adalci ba ne a ɗora wa waya alhakin abin da mutane suka aikata da hannunsu ko suka furta da bakinsu. Amma duk makarantar da ta bar karatu ya koma irin waɗannan rukunoni, ya zama wajibi a kanta ta san wanda yake kula da su da abin da aka yarda a tura. A ƙaramin mataki kuma, shiga rukuni yana nufin lambar ɗaliba ta fita ga kowa, kuma ba kowa ne yake amfani da ita don tambayar darasi ba. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, sai dai ba kowane wakilin aji ne ya san da ita ba.

Nauyin da ya hau kan malamai ma abin dubawa ne. Shirya darasi mai kyau na bidiyo ko na murya ya fi tsayawa gaban allo cin lokaci, kuma sau da yawa malami da datarsa da wayarsa da man janaretansa yake yi, ba tare da an lissafa masa wannan a cikin aikinsa ba. Saƙonnin ɗalibai suna shigowa har bayan isha'i da ranakun hutu, wanda ya yi shiru a ce yana da girman kai. Manyan malamai da suka ƙware a fanninsu amma hannunsu bai saba da na'ura ba suna iya zama kamar an bar su a baya, alhali su ne suka fi abin bayarwa. Sannan abin da aka tara ba shi da mazauni tabbatacce. Idan wayar wakilin aji ta ɓace, ko malami ya yi ritaya ko ya koma wata jami'a, darussan shekaru suna iya tafiya tare da shi, aji mai zuwa ya fara daga farko. Makarantar da ta tanadi ma'ajiyarta ta intanet, da ma'aikatan da za su kula da ita, tana rage wannan asara. Amma tanadin yana buƙatar wuta da kuɗi, kuma kuɗin daga wani wuri za a cire shi, wataƙila daga gyaran ɗakin gwaje-gwaje ko ƙarin ɗakin kwanan da zai sa ɗan Shagari ya daina sammako. Wanne za a gabatar, wannan shawara ce da majalisar kowace makaranta za ta yanke da littafin kuɗinta a gabanta.